Zaluncin da aka sha a yarinta da lafiyar ƙwaƙwalwa bayan an girma

Mutane da yawa kan zo asibiti da kukan mantuwa tun ba su kai shekara 40 ba. Wani zai ce ana yi masa bayani yana ji, amma kafin ya kai ƙofa rabi ya zube. Wata za ta ce takan ɗora tukunya ta manta har ta kama, ko ta rasa raka'a nawa ta yi. Wani kuma ɗan kasuwa ne, lissafin buhunan albasa da ya saba yi da ka yakan ruɗe masa da zarar an ɗaga masa murya. Idan an yi awon jini da sauran gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sau da yawa tambaya ɗaya ce ke buɗe hanya: yaya yarintarka ta kasance?

Wannan bayani naka ne, namiji ko mace, idan ka taso cikin duka, zagi, horon yunwa ko lalata, ko kuma kana kula da wanda ya taso haka. Zaluncin yarinta yana iya barin tabo a tunani da riƙe abu a ka. Sai dai yawancin illar tana biyowa ne ta hanyoyin da ake iya magancewa, ko da shekaru sun ja.

Me ake nufi da cin zarafin yaro?

Likitoci sun kasa shi gida huɗu:

- Na jiki: dukan da ke barin shati, rauni ko karaya, ƙuna, ɗauri da mari ko igiya, da jijjiga jariri da ƙarfi.
- Na baki da zuciya: zagi kullum, gori, tsoratarwa, kiran yaro daƙiƙi ko shege, da ware shi daga sauran yaran gida.
- Na lalata: duk wata mu'amalar sha'awa da babba ya yi da yaro ko yarinya, da ƙarfi ne ko da yaudara.
- Sakaci: barin yaro ba abinci, ba magani, ba karatu, ba mai kula da shi, alhali da halin yi.

Kusa da waɗannan akwai ganin ana dukan uwa, sace yaro, da ganin kisa ko ƙone gari. Wannan ba ya nufin a daina tarbiyya. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen icce ne kuma ya fi saurin riƙe tabo. Tsawatarwar da yaro ya san dalilinta, daga mutumin da ya san yana ƙaunarsa, daban take da azabar da bai san ranar zuwanta ko ranar ƙarewarta ba.

Yaya girman matsalar take?

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun yi bincike a faɗin Najeriya. Sun gano cewa yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18. Rabin yara sun sha na jiki. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci na lalata. Waɗanda suka samu taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

A Jihar Kebbi akwai abubuwan da jama'a ba su manta ba. A watan Agustan 2020 an ceto wani yaro a Birnin Kebbi bayan ya yi kusan shekara biyu a ɗaure tare da dabbobi. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashe gomman ɗalibai da wasu malamai. An riƙa sako su rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 sun ci gaba da zama a hannun maharan har watannin Afrilu da Mayu na 2023.

Waɗannan su ne duniya ta ji. Mafi yawan zaluncin a ɓoye yake: yarinyar riƙo, 'yar aiki, ɗan kishiya, almajirin da ba mai leƙa shi, yaron da ake duka idan ya dawo talla da kaya. Dukansu za su girma, kuma da wannan ƙwaƙwalwar za su yi karatu, sana'a da aure.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa?

Idan mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadarai biyu, adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, suga ya ƙaru a jini, jiki ya shirya gudu ko kare kai. Haɗari na wucewa, komai ya lafa. Yaron da ke kwana gida ɗaya da wanda yake tsoro ba ya samun wannan lafawar. Kamar injin jirgin ruwa ne da ake ba wuta har ƙarshe dare da rana: zai yi tafiya, amma zai ci jiki.

Sassa uku ne suka fi jin abin:

- Amigdala, maigadin ƙwaƙwalwa, mai hango haɗari. A wanda aka zalunta yakan yi saurin farkawa, har ɗaure fuska ko ƙarar rufe ƙofa ya zama masa barazana.
- Hifokamfas, rumbun da ke adana sabon abin da aka koya. Yawan kotisol na tsawon lokaci yana takura shi. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa, idan an kwatanta rukuni da rukuni, yakan ɗan fi ƙanƙanta a manyan da aka zalunta suna yara.
- Sashen goshi, mai tsara aiki, auna shawara da danne fushi. Ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka abin da ya sami matashi ma yana shafarsa.

Ƙwaƙwalwar yaron ba lalacewa ta yi haka kawai ba, ta koyi tsira ne. Wanda hankalinsa ke kan takun mai dukansa ba shi da sauran hankalin da zai ba allo ko littafi. Matsalar ita ce maigadin yakan ƙi barci ko bayan haɗari ya wuce da shekaru.

Ban da wannan, dukan kai da jijjiga jariri suna raunata ƙwaƙwalwa kai-tsaye, suna iya jawo farfaɗiya, makanta ko jinkirin fahimta. Yunwa a shekaru biyun farko ita ma tana rage bunƙasar ƙwaƙwalwa.

Alamomin da kan bayyana bayan an girma

- Kasa tsayar da hankali a kan magana, karatu ko aiki.
- Wahalar riƙe abu biyu ko uku a ka lokaci ɗaya, kamar saƙo, lamba ko canji.
- Ɗaukewar tunani idan an yi tsawa ko an matsa maka lamba.
- Fara aiki a kasa kammalawa, ko yanke shawara cikin gaggawa a dawo ana da-na-sani.
- Manta wasu shekaru na yarinta, ko kuma wani abu ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa.
- Jin kamar ba ka cikin jikinka na ɗan lokaci.
- Munanan mafarkai, zabura, ƙarancin barci, saurin fushi ko ƙuncin da ba ya yayewa.

A mai shekara 25 ko 35, irin wannan mantuwa yawanci ba cutar mantuwa ta tsufa ba ce. Abin bai shiga rumbu ba ne tun farko, domin hankali na wani wuri lokacin da ake faɗa.

Me bincike ya nuna?

Tsakanin 1995 da 1997, likitoci a San Diyego ta Amurka, ƙarƙashin Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 wahalhalun da suka sha suna yara. Kusan kashi biyu cikin uku sun ambaci aƙalla nau'i ɗaya. Waɗanda suka ambaci huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su ambaci ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12 wajen haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai.

Wani binciken na Amurka ya bi yaran da kotu ta tabbatar an zalunce su tsakanin 1967 da 1971. Da suka kai wajen shekara 41, sun fi takwarorinsu rauni a gwajin tsara tunani, musamman waɗanda aka yi sakaci da su. A Japan kuma, binciken da aka wallafa a 2020 kan tsofaffi fiye da 17,000 ya nuna cewa masu wahalhalun yarinta uku ko fiye sun fi kamuwa da cutar mantuwa.

Akwai gyara a nan. Wani nazari na 2017, wanda ya bi yara a Niyu Zilan da Birtaniya tun suna ƙanana, ya gano cewa babban ɓangaren raunin tunanin ya riga zaluncin zuwa, ko kuma yana da nasaba da talaucin gida. Ke nan zalunci ba ya tafiya shi kaɗai: da talauci, yunwa da barin makaranta suke zuwa. Kuma duk waɗannan alƙaluma maganar rukuni suke yi, ba su yanke hukunci a kanka kai ɗaya ba. Mutane da yawa da aka zalunta tunaninsu garau yake.

Sauyin yanayi ma yana aiki. A Romaniya, daga shekarar 2000, an bi yara 136 na gidajen marayu. Waɗanda aka mayar hannun iyalai masu kula sun fi waɗanda suka zauna a gidan marayu sakamako a gwajin basira, musamman idan an ɗauke su kafin shekara 2.

Ta ina illar ke bi har tsufa?

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya. Cikinsu akwai ƙarancin karatu, ciwon damuwa, bugun kai, shan taba, yawan giya, hawan jini, ciwon suga, ƙiba, rashin motsa jiki, kaɗaici, da raunin ji ko gani da ba a kula da shi ba.

Ka duba jerin da kyau. Da yawansu abubuwa ne da zaluncin yarinta ke tura mutum gare su: yarinyar da aka cire daga makaranta, matashin da ya koma wa tiramol ko wiwi don ya samu barci, magidancin da ya ƙaurace wa mutane saboda ba ya yarda da kowa. Ba ka da ikon sauya abin da ya faru kana ɗan shekara bakwai, amma kowane ɗaya daga waɗannan yana da magani ko rigakafi yau.

Ba kowace mantuwa ba ce daga nan

Kafin a ɗora laifin a kan yarinta, likita zai duba wasu dalilai. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana barin rauni a wasu yara, kuma a binciken ƙasa na 2021 Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ƙwayar cutar a jini, kashi 49 cikin 100. Haka nan sanƙarau, farfaɗiya, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, cuta mai karya garkuwar jiki, da gubar dalma ga masu sarrafa dutsen zinariya a cikin gida, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010. Tiramol, kodin, sholisho da ƙwayoyin barci su ma suna dusashe tunani.

Yaushe za ka ga likita?

Ka je asibiti idan mantuwa ko ruɗewa ta fara taɓa sana'arka, karatunka ko zaman gidanka, idan ƙunci ya wuce mako biyu, ko munanan mafarkai da zabura sun wuce wata ɗaya.

A tafi nan take, ba jira, idan akwai:

- Tunanin kashe kai ko cutar da wani.
- Ruɗewa farat ɗaya, karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar harshe.
- Jijjiga, ko zazzaɓi tare da fita hayyaci.
- Dattijon da ya fara ɓata a hanyar da ya sani ko kasa gane iyalinsa.

Idan kana Yauri, Ngaski ko Shanga, ka fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Yauri da ke Yelwa. Daga nan ana iya tura ka Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka.

Za a auna hawan jini da suga, a duba jini, a tambaye ka barci da abin da kake sha, a yi maka ɗan gwajin tunani na mintuna kaɗan, kamar maimaita kalmomi da lissafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba dole ba ne ka zayyana komai a zuwan farko. Ya isa ka ce, “Likita, na sha wahala ina yaro, ina ganin tana da hannu.” Sirrinka amana ne a wurin ma'aikacin lafiya, kuma ke mace kina iya neman a haɗa ki da ma'aikaciya mace.

Magani

Magani ta hanyar tattaunawa shi ne kan gaba ga firgicin da ya biyo bayan zalunci. Ƙwararre zai koya maka kwantar da jiki, sannan ku bi abin da ya faru daki-daki, gwargwadon yadda za ka iya ɗauka, har ya zama labarin da ya wuce. Yakan ɗauki zama 8 zuwa 12, ko fiye ga wanda ya daɗe cikin azaba.

Idan akwai ciwon damuwa, likita na iya rubuta ƙwaya irin su fuluwoksetin ko amitiriftilin. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. Kada ka daina farat ɗaya. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa kafin a rubuta. Sau da yawa damuwa na yayewa, barci ya daidaita, mantuwar ta ragu.

Kada ka sayi diyazifam ko makamancinsa a kemis don barci. Ba ya warkar da firgici, yana kama jiki, kuma yana ƙara mantuwa. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna, amma duk wurin da za a ɗaure mara lafiya ko a doke shi da sunan magani, ƙara masa ciwon ake yi.

Abin da za ka iya yi da kanka

- Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka nemi awa 7 zuwa 8. Ka rage goro da shayi mai ƙarfi bayan la'asar.
- Ka motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri, noma da tuƙin kwale-kwale duk suna ciki.
- Ka auna hawan jini ko sau ɗaya a shekara. Idan yana kai 140/90 ko fiye, ka nemi magani.
- Ka ci gaba da koyo: makarantar yaƙi da jahilci, Islamiyyar dare, ko sabuwar sana'a. Ƙwaƙwalwar babba ma tana gina sababbin hanyoyi.
- Ka sauke wa kanka kaya: rubuta bashi da saƙo a littafi, ko ka naɗi muryarka a waya. Ka yi aiki ɗaya kafin ka kama wani.
- Idan gabanka ya faɗi, ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, sau goma.
- Kada ka ware kanka. Majalisa, zumunci da aboki ɗaya amintacce kariya ce ga ƙwaƙwalwa.

Idan ka ga hannunka na saurin kai wa 'ya'yanka irin dukan da ka sha, wannan ma dalilin neman taimako ne. Yawancin waɗanda aka zalunta ba sa zama azzalumai, kuma wanda ya lura da kansa ya riga ya kama hanyar tsayar da abin.

Ga iyali

Idan matarka, mijinki, ƙaninka ko 'yarku ce ke cikin wannan hali, ku sani ba taurin kai ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Ku ba da saƙo ɗaya-ɗaya cikin sanyin murya. Idan ya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi masa, ku gaskata shi, kada ku ce ai ya wuce, a manta. Kada kuma ku matsa masa ya ba da labari, balle a gaban baƙi.

Ga yaron da ya dawo daga hannun masu garkuwa ko daga gidan da aka azabtar da shi, abin da ya fi buƙata shi ne kwanciyar hankali, abinci, barci, ganin likita, da komawa makaranta a hankali. Zai yiwu karatunsa ya ja baya da farko. Gori da nuna shi da baki sukan zame masa azaba ta biyu. Wani dogon bincike a tsibirin Kawai na Amurka, kan yara 698 da aka haifa a 1955, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tsakaninsu shi ne samun babba ko da ɗaya wanda ya tsaya musu. Kaka, goggo, kawu ko malami duk suna iya zama wannan mutumin.

Idan yanzu ake zaluntar wani yaro

Ɗa na kowa ne. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Jihar Kebbi kuma ta sanya hannu kan tata a 2022. Ka sanar da mai unguwa ko hakimi, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, ko 'yan sanda. Idan fyaɗe ne, a kai yaron ko yarinyar asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki ke aiki. Idan an bugi yaro a ka ya suma, yana amai ko yana barcin da ba a iya tashinsa, a garzaya da shi asibiti a ranar, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru.